Ruwan Bunu a Bakin Gadar Wudil

A makon jiya na shiga wani kanti a Kano zan sayi ganyen shayi, sai ga ni tsaye gaban kanta na rasa wanda zan ɗauka. Kwalaye ne jere reras, wani mai citta, wani mai lemon tsami, wani mai na'ana'a, wani an ce na rage ƙiba ne. Yaron kantin ya gaji da tsayuwata ya ce, "Baba, wanne za a ba ka? Ai duk shayi ne." Na yi murmushi kawai. Da a gaban kawuna ya faɗi wannan magana, da sai ya zaunar da shi a benci ya ba shi karatun da ya ba ni shekara talatin da ɗoriya da suka wuce.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, kuma teburin shayi gare shi a kusa da gadar Wudil. Ina ɗan firamare aka kai ni hannunsa, wajen 1987. Aikina wankin kofuna da ɗebo ruwa da iza wuta, sai kuma yankan burodi bayan hannuna ya faɗa. Wanda ya san Wudil ya san cewa duk motar da ta taso daga Kano za ta Gaya ko Birnin Kudu ko Maiduguri sai ta haura wannan gada, don haka teburinmu ba ya rabo da baƙi. Da asuba masunta ne da masu haƙar yashi a kwalekwale, suna fitowa daga kogi haƙora na kaɗawa. Da hantsi direbobi da 'yan kamasho. Daren Alhamis kuwa garin ba ya barci, domin gobe Juma'a kasuwa, fatake da dillalai sun sauka, tireloli sun yi layi suna jiran lodin shanun da za a kai Kudu. A irin wannan dare tukunyarmu ba ta sauka daga kan murhu.

Amma ni ranar da ta fi zauna mini a rai ita ce Laraba. Kawu yakan ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma shi da gaske yake yi. Ran Laraba yake shiga Kano, ya je kasuwar Singa ya yi sarin madara da sukari da ganye. Idan ya ga wani sabon ganye a hannun 'yan kasuwa, ba ya sayen katan. Kwali ɗaya zai ɗauko, ko ya sa a ƙulla masa kaɗan a takarda. Bayan sallar isha, idan mutane sun ragu, sai ya ce, "Kai yaro, wanko mini ƙananan kofunan gilashin nan guda huɗu."

Tsarinsa ba ya sauyawa. Ruwa ɗaya ne daga buta ɗaya, kuma sai ya tafasa sosai. Kowane kofi ganye daidai wa daida. Ya rufe su da faranti, ya ce in yanka burodi biyu. Kafin in gama, lokaci ya yi. Ba sukari, ba madara, ba kayan ƙamshi. Ruwan bunu ke nan tsantsarsa. Da farko zai ɗaga kofin saitin fitilar ƙwai ya duba launi. Sannan ya shinshina. Sannan ya zuƙa da ƙara, irin zuƙar da in ni na yi a gida sai an ranƙwashe ni, ya riƙe a baki ya lumshe ido. Daga ƙarshe ya ɗiga madara kaɗan ya ga ko launin zai tsaya ja, ko kuwa zai koma fari fat kamar ruwan wankin shinkafa.

Ranar farko da ya miƙo mini na kurɓa, na yamutsa fuska na ce, "Kawu, ai duk ɗaci ne."

Ya yi dariya ya ce, "Harshenka ne bai yi makaranta ba. Sake kurɓa. Wannan ɗaci ne, wancan bauri ne. Ɗaci a maƙogwaro yake tsayawa, bauri kuwa dasashi yake kamawa kamar ka ci ɗanyar kanya. Ganyen da ba shi da bauri ko kaɗan, madara na shiga ya mutu."

Da haka na koyi kalmominsa. Ganyen da ya ba da launi amma ya yi lami a baki, yakan ce ba shi da jini. Wanda ya daɗe a ajiya har ya ɗauki warin sabulun da aka jera kusa da shi, yakan ce ya yi makwabtakar banza. Wanda ƙamshinsa ke biyo numfashi bayan an haɗiye, shi ne mai zumunci.

A wancan zamani sarkin teburi shi ne Lipton mai rawayar takarda. Har sunansa ya cinye na sauran, duk ganyen da ke cikin 'yar jaka da zare Lifton ake ce masa, ko wane kamfani ya yi shi. Hukuncin Kawu a kansa gajere ne: ba ya ba ka mamaki, ba ya ba ka kunya. Na bara da na bana ɗanɗanonsu ɗaya, kuma nan da nan yake sakin launi, abin da mai shayi ke so idan mutum goma na jira a benci. Sai da na girma na san dalilin. Manyan kamfanoni ba ganyen gona ɗaya suke zubawa ba, gauraya na ƙasashe da dama suke yi don kada ɗanɗano ya sauya, kuma abin da ke cikin jakar ganye ne da inji ya murƙushe ya yi ƙanana, shi ya sa ruwa ke saurin ratsa shi. Sunan kuwa na wani ɗan kasuwa ne daga Glasgow, Thomas Lipton, wanda ya sayi gonakin shayi a tsibirin Silon, wato Siri Lanka ta yau, a 1890. Kawu bai san wannan tarihi ba, amma abin da harshensa ya faɗa masa bai saɓa da shi ba.

Shekarun nan ne kuma tsarin tsuke bakin aljihu da gwamnatin Babangida ta kawo a 1986 ya fara cizo. Naira ta faɗi, kayan waje suka yi tsada, kowa na neman mai sauƙi. Wata Laraba Kawu ya dawo da wani kwali mai ƙyalƙyali, ga hoton kambi, ga rubutun zinare, ga araha. Ni har na fara murna. Da ya zuba masa ruwan zafi, kafin ƙiftawar ido kofin ya yi jajir. Kawu ya ɗan yi shiru, ya ce in kawo ruwan randa. Ya barbaɗa ganyen a ruwan sanyi, sai ga launi na tsiyaya daga jikinsa kamar an jiƙa sabuwar atamfa. Ya ce, "Ka gani? Ganyen gaskiya ba ya sakin jininsa a ruwan sanyi da wuri haka. Wannan rini ne." Ya watsar da shi a kwata, ya ƙara da cewa ba girin-girin ba, ta yi mai. Har yau da wannan gwaji nake kama ganyen da na yi wa zargi.

Wanda ya fi ba mu labari shi ne Highland. Wani direba da ke zuwa Yola ne ya fara kawo wa Kawu tsarabarsa, ya ce a ƙasar nan ake noma shi, a kan tsaunin Mambila. Ba wanda ya yarda. A tunaninmu shayi kayan Turawa ne ko na Larabawa, ina Najeriya ina gonar shayi? Ashe gaskiyarsa. A Kakara gonar take, kusa da Gembu, a ƙaramar hukumar Sardauna. Lokacin jihar Gongola ce, sai a 1991 yankin ya koma Taraba. Wurin tudu ne mai sanyi da yawan ruwan sama, irin yanayin da bishiyar shayi ke so, kamar tsaunukan Kenya. Da Kawu ya ɗanɗana ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce, "Wannan yana da jini, kuma yana ɗaukar madara."

Akwai wani Alhaji dillalin shanu da ba ya fashin teburinmu duk daren Alhamis, wanda ya rantse shi bakinsa ba ya karɓar komai sai na waje. Kawu ya haɗa masa kofi biyu a ɓoye, ya ajiye a gabansa ya ce, "Alhaji, taimaka mini da bakinka. Wanne ne na Ingila a nan?" Alhaji ya kurɓi wannan, ya kurɓi wancan, ya gyara zaman hula, ya nuna na hannun dama ya ce ko a mafarki ya san shi. Na Mambila ne. Benci ya kaure da dariya, shi ma ya taya mu, ya ce lallai sai an gwada akan san na ƙwarai. Daga ranar, in ya zo sai ya ce, "Mai shayi, a ba ni na Ingilar Gembu."

Abokin gardamar Kawu na dindindin shi ne wani Buzu mai gadin shaguna a tsallaken titi, cikin waɗanda farin 1984 ya koro daga Nijar. Shi ba ruwansa da tukunyarmu. Yana da 'yar shuɗiyar butarsa da murhun waya da ƙananan kofuna, ganyensa kuwa kore ne daga ƙasar Sin, a ƙananan kwalaye masu lamba a jiki. Akwai mai 3505, wanda aka murza ya dunƙule kamar ƙwayar gero, akwai kuma mai dogon ganye siriri. Yakan dafa ganye ɗaya sau uku, yana sheƙawa daga sama har kumfa ta taru. Na farko in ka sha sai idonka ya buɗe tar, na biyu ya sassauto, na uku kuwa zaƙi ne da ake ba yara irina. Ya ce namu ruwan madara ne, ba shayi ba. Kawu ya ce nasa maganin barci ne na masu gadi. Sun shekara suna wannan, kullum kuma sai an aike ni da kofi an karɓo kofi. Da sun san abin da na karanta daga baya, da gardamar ta ragu: bishiya ɗaya ce. Baƙin ganye ana murza shi ne a bar iska ta dafa shi har ya yi duhu, koren kuwa ana gasa shi da zafi da zarar an tsinko don kada ya sauya launi.

Lokacin dawowar alhazai ma yakan kawo mana sabon ɗanɗano. A cikin tsarabar dabino da zamzam ba a rasa kwalin Rabea, shayin mutanen Saudiyya. Shi Kawu ba ya sayar da shi. Yakan ajiye don daren da babu ciniki, ya dafa da ɗan kanumfari, ya ce zuba wa wannan madara zalunci ne.

Wani abin da ya koya mini shi ne kada a ɗora wa ganye laifin ruwa. Akwai rijiyar da ruwanta ke da zartsi; ko wane ganye ka sa masa sai ya yi duhu, wani fatsi-fatsi ya taso a samansa. Da damina kuma kogi kan yi ja da laka, sai an sa alif an bar ruwan ya kwana. Saboda haka kafin ya yanke wa ganye hukunci sai ya tambaye ni inda na ɗebo ruwan ranar.

Sannu a hankali teburin ya sauya. A 1993 madarar Cowbell ta fito a ƙananan leda, gwangwani ya fara ja da baya. Daga baya Top Tea ya shigo da jakarsa mai zagaye, ya sami masoya a benci, Kawu ma ya ba shi wuri kusa da sauran bayan ya ci jarrabawar Laraba. Sai Indomie da ƙwai suka zo suka mamaye rabin teburin. Da aka buɗe jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil a 2001, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Aliko Ɗangote, ɗalibai suka cika gari, ciniki ya ƙaru. Sai dai abin da suke nema haɗin kauri ne, a zuba madara da Milo ko Bournvita har cokali ya kusa tsayawa. Kawu yana haɗa musu ba musu, don kuɗinsu ne, amma in sun tashi yakan ce mini, "Waɗannan ko ruwan zafi zalla ka sa musu ba za su gane ba." Bai daina gwajin Laraba ba har ƙarfinsa ya ƙare. Allah ya jiƙansa da rahama.

A kantin nan na Kano, daga ƙarshe kwali uku na saya, na bar yaron yana mamaki. Da dare na jera kofunan gilashi, na tafasa ruwa, na kira ƙaramin ɗana na miƙa masa. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya ce, "Baba, ai duk ɗaci ne." Na ce masa ya sake kurɓa.

Kai ma mai karatu, gobe da safe kafin ka zuba madara da sukari, ka ɗan kurɓi ruwan bunun tukuna. Kuɗinka ka sa ka sayi ganyen nan, ya kamata ka san ɗanɗanonsa.