Harsashin Da Ya Tsone Wa Wata Ido

A shekarar 1902, shekara 67 kafin Neil Armstrong ya taka duniyar wata, wani Bafaranshe mai wasan rufa-ido, Georges Méliès, ya riga ya kai mutane can a majigi. Fim ɗin, mai suna Tafiya Zuwa Wata, bai cika minti ashirin ba, kuma babu magana a cikinsa, amma har yau ana kallonsa.

Labarin na raha ne. Waɗansu malaman taurari su shida, masu gemu da manyan riguna, suka shiga wani ƙaton harsashi, aka ɗura su a igwa aka harba. Harsashin ya tafi ya cake a idon wata, wanda aka yi wa fuska irin ta ɗan Adam. Da suka sauka suka tarar ashe wurin da masu shi. Ba sallama, ba neman iso, sai duka da laima, wanda aka buga duk sai ya fashe ya zama hayaƙi. Da aka gurfanar da su gaban sarkin wurin, shugabansu ya ɗaga shi ya fyaɗa da ƙasa. Suka tsero gida, aka tarye su da kiɗa da lambobin girma, aka kafa wa shugaban mutum-mutumi.

Mai karatu ya dubi zamanin. Shekara uku kafin nan, a 1899, sojojin Faransa suka ci Damagaram, suka kashe Sarki Ahmadu Kuran Daga. Saboda haka masana da dama suna ganin Méliès ba'a yake yi wa masu shiga ƙasar mutane su yi ɓarna, su koma gida a kira su jarumawa. Da ma a cikin wasa akan faɗa wa mai ƙarfi gaskiya.

Shi kuwa mai fim ɗin bai ci moriyarsa sosai ba. 'Yan kasuwar Amurka suka kwafe shi suna nunawa ba tare da biyansa ba. Daga baya ya karye, a 1923 ya ƙone finafinansa da hannunsa, ya koma sayar da alewa da kayan wasan yara a tashar jirgin ƙasa ta Montparnasse. Ya rasu a 1938.

Yau da manyan ƙasashe ke rige-rigen komawa wata, ya kamata masu shirya tafiyar su zauna su kalli dattawan nan shida, su tambayi kansu ko da wace niyya za su sauka.