Sandar Tuƙi da Hannun Tsoho

Jirgin sama motsi uku gare shi, kuma duk mai son tuƙa shi, na gaske ne ko na wasa, tilas ya san su. Akwai ɗaga hanci da sunkuyar da shi, akwai kishingiɗawa dama ko hagu, sannan akwai karkata kai gefe, wanda filafilin jela ke yi. A wasan koyon tuƙin jirgi mai suna Microsoft Flight Simulator, wanda ya fara fitowa a 1982, ya kuma shiga na'urar wasa ta Xbox a 2021, ana iya tattara motsin nan uku a kan sanda guda. In an jawo ta baya hanci ya tashi, in an tura ta gaba ya sunkuya, in an kwantar da ita gefe jirgi ya kishingiɗa, in kuwa an murɗa ta jela ta amsa. Gefe guda ga totur, wanda ke ƙara wa inji wuta ko ya rage. Sai dai ita sandar, yadda ta fito daga kwali, an saita ta ne don hannun da ba ya rawa.

Wani tsohon hedimasta a Zariya, wanda ya haura shekara 70, hannunsa na dama yana rawa. Tun yana yaro yake ɗaga kai yana kallon ƙananan jiragen makarantar koyon tuƙin jirgin sama da aka kafa a garin a 1964, har ya ƙudura a ransa cewa nan zai shiga. Mahaifinsa ya ce kwalejin horon malamai za shi, ya kuwa tafi, ya yi aikin koyarwa har ya yi ritaya, bai taɓa kawo wa kowa kukan abin ba. Da babban ɗansa ya aiko wa yara da na'urar, haɗe da sanda ƙirar Thrustmaster T.Flight Hotas One, sai tsoho ya jira bayan isha'i, falo ya watse, ya zauna ya zaɓi Cessna 152, ƙaramin jirgi mai kujera biyu da ake koyon tuƙi da shi.

Kwana uku yana gwadawa. Da zarar ya tura totur jirgin ya kama gudu, sai ya zame hagu ya bar titi. Ran da ya samu ya tashi kuwa, hancin ya riƙa sama da ƙasa kamar kan ƙadangare, har ya faɗo. A rana ta huɗu ya mayar da sandar cikin kwalinta, ya ce abin yara ne. Mutanen gida suka yarda, in ban da jikarsa, ɗalibar aji biyu a kwalejin ilimi, wadda ta zo hutu, ta kuma lura da yadda ya fara ɓoye hannun a cikin babbar riga ko da rana.

Ta buɗe shafin saiti, inda ake ganin amsar da sanda ke bayarwa a kan allo, ta ce ya riƙe kawai, kada ya motsa. Alamar ta kama kai da komo.

"Angona," in ji ta, "ba kai ka kasa ba. Sandar ce ta cika jin magana, ko raɗa aka yi sai ta amsa."

Ya ce, "To amarya, toshe mata kunne kaɗan."

Abin da ta yi ke nan. A saitin akwai wani gurbi da ake iya barin sa a tsakiyar sanda, wanda duk motsin da bai wuce shi ba wasan ba ya lissafa shi, tamkar lako-lakon sitiyarin tsohuwar mota. Ta faɗaɗa gurbin sannu a hankali har rawar hannun ta nutse a ciki, alamar ta tsaya cik. Daga nan ta rage kaifin amsawa, ta yadda ƙaramin motsi kusa da tsakiya zai ba da ƙaramar amsa, cikakken ƙarfi kuwa sai an kai sanda ƙarshe. A ƙasan sandar akwai abin murɗawa da ke ƙara mata tauri. Shi ma ta ɗaure shi, don hannu ya sami abin dogarawa.

Zamewar hagu kuma daban take, domin ba ta da alaƙa da tsufa. Halin jirgi mai farfela ɗaya ne: yadda farfelar ke juyawa yana jan sa hagu sa'ad da aka ba shi wuta duka, don haka matuƙi kan danna jela dama yayin tashi. Matsalar tsoho ita ce duk lokacin da ya murɗa sanda don ya yi hakan, sai hannun ya haɗa da wasu motsin da bai yi niyya ba. Jikar ta kulle murɗawar, ta mayar da aikin jela kan wani ɗan maɓalli mai lilo da ke jikin totur, wato ta miƙa shi ga hannun hagu, wanda lafiyarsa lau. Ta kuma ware maɓallai biyu don madaidaicin hanci, wanda in an saita shi jirgi kan riƙe tafiyarsa ba sai ana ta jan sanda ba.

Ɗaya daga cikin samarin gidan ya ce wannan ai maguɗi ne. Bai yi gaskiya ba. Matuƙin gaske ma ba ya tashi sai ya gyara kujerarsa daidai tsawon ƙafarsa, kuma iskar da ke cikin wasan ba ta ragu ba, nauyin jirgi bai sauya ba. In tsoho ya ɗaga hanci fiye da kima, gudu zai ƙare, fikafikai su daina ɗauka, ya faɗo kamar kowa.

Daren nan ya tashi. Ya hau sama a miƙe, ya zagaya, ya yi shiru na tsawon lokaci, jikar ba ta ce masa komai ba. Sauka ce ta gagara, kuma dalilin yana cikin maganin da aka yi masa. Dab da taɓa ƙasa ana bukatar a jawo sanda kaɗan-kaɗan, amma gurbin da ya haɗiye rawar hannunsa yana haɗiye farkon wannan jan, sai amsar ta makara, jirgi ya daki titi ya yi tsalle. In an rage gurbin rawa ta dawo, in an ƙara sauka ta ɓaci. Suka yi kusan mako suna ciniki da shi, yau a ƙara, gobe a rage.

Da hutu ya ƙare, ta adana masa saitin a ƙarƙashin sunansa, ta gargaɗi ƙannenta kada su taɓa. Shi kuwa bai amince da su ba. Ya ɗauko littafin rubutu, ya ja layi da rula kamar yadda ya saba yi wa rajistar aji, ya sa ta karanto masa lambobin ɗaya bayan ɗaya yana rubutawa. Layin gurbin tsakiya ne kaɗai ya cike da fensir, don har yanzu a sauka biyar biyu ke zuwa masa daidai.