Daren Tashe a Cikin Kwamfuta: Abin da Masu Bugawa Suka Faɗa



A makarantar nan akwai wata amsa da ta fi kowace araha. Ka nuna wa abokinka zanen da ka kwana kana yi, zai ce ya yi kyau. Ka karanta masa rubutunka, ya yi kyau. Ko wannan allon da kuke tsaye a gabansa, tun da muka fara liƙa takardu a kansa, da wuya mu ji wata magana da ta wuce wannan. Ba ta ɓata wa kowa rai, amma kuma ba ta ƙara wa kowa komai. A wannan fitowar zan ba ku labarin gem ɗin ban tsoro da 'yan uwanmu uku na aji biyu na babbar sakandare suka haɗa, da abin da waɗanda suka buga shi suka ce, domin a nan ne na ga bambancin yabo da gyara.

Malaminmu na kwamfuta, ɗan bautar ƙasa da aka turo mana daga Kudu, shi ya kawo maganar. Ya ce a duniya akwai wata gasa da ake kira gem jam, inda ake ba mutane jigo guda da ɗan taƙaitaccen lokaci, a ce su haɗa wasan kwamfuta daga tushe. Global Game Jam, wadda aka fara a 2009, awa 48 take bayarwa, kuma a watan Janairu ake yin ta a ƙasashe da dama lokaci guda. Ludum Dare ta girme ta, tun 2002 take. Abin da ya fi jan hankalina a Ludum Dare shi ne abin da ke biyo bayan gasar: mahalarta kan buga wasannin juna, su ba da maki a kan daɗin wasa, da zane, da sauti, da yanayin da yake jefa mutum a ciki, sannan su rubuta ra'ayinsu. Wani gem mai ban tsoro da ya yi suna, Inscryption, daga wannan gasar ya faro a 2018 a hannun wani ɗan Kanada, Daniel Mullins, kafin ya fito cikakke a 2021.

Mu a nan Unguwar Hajji kwamfuta ɗaya gare mu, ta Malam, kuma sai an kai ta shagon mai cajin waya take samun wuta. Duk da haka Malam ya ce a gwada. Ya ba da lokaci daga tashin makaranta ranar Alhamis zuwa azahar ɗin Asabar. Aka yi amfani da Scratch, manhajar kyauta da jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007, wadda ake jera umarni a cikinta kamar ana ɗora bulo a kan bulo, kuma tana aiki ko babu intanet. Ɗaya ya ɗauki zane, ɗaya ya ɗauki sauti da wayar yayansa, ɗaya ya zauna a kan jera umarni. Jigon da suka zaɓa shi ne tashe.

Kowa a nan ya san tashe. Da azumi ya kai kwana 10, bayan an sha ruwa, sai yara su fito ƙungiya-ƙungiya suna bin gidaje da wasanni, ana dariya, ana ba su hatsi ko kuɗi. Akwai Tsoho da Gemu, mai gemun auduga da sanda. Akwai Jatau Mai Magani da tarkacen saiwoyinsa. Akwai dokin kara. A birnin Kano har sarauta gare shi, inda Nalako ke jagorantar masu tsokanar gwagware. Wasa ne na raha da faɗakarwa, babu abin tsoro a cikinsa. Su kuwa 'yan uwan namu sai suka kifa shi.

A cikin gem ɗin, wanda suka sa wa suna Daren Tashe, kai yaro ne da abokansa suka watse suka bar shi da kwano a hannu da tocila mai ƙaramin batir. Kana neman hanyar gida kafin sahur. Amma garin ya zama kamar mafarki. Filin kasuwa ya cika da masu tashe da ba ka sani ba. Gemun tsoho yana ta tsawo har yana jan ƙasa. Dokin kara yana sukuwa babu yaro a cikinsa. Lilo yana kaɗawa ba kowa a kai. Duk zauren da ka shiga, ta cikin kasuwar zai sake fito da kai. Kuma maimakon a ba ka sadaka, kai ake miƙo wa hannu, duk wanda ka ba kwanonka na raguwa.

Aikin da Malam ya ba ni a matsayina na ɗan ƙungiyar 'yan jarida shi ne in zauna a bayan masu bugawa da littafi da biro a lokacin tara, har mako guda. Sharaɗi biyu ya kafa mini: kada in nuna wa kowa abin da zai danna, kuma in rubuta abin da hannu ya yi, ba abin da baki ya faɗa kaɗai ba.

Mafi yawan waɗanda suka buga, da na tambaye su, sai su ce ya yi kyau. Amma littafina ya ce wani abu dabam. Wanda ya ce ya yi kyau, na gan shi ya maƙale a jikin rumbu yana danne-danne har ya gaji ya miƙa wa na kusa da shi. Wani da ya ce ya yi kyau, tun kafin ya kai kasuwa ya fara waige-waige yana neman mai awara. Da a ce maganar bakinsu aka ɗauka, da an ce aiki ya kammala.

Akwai kuma kashi na biyu, masu raini. Su nasu shi ne a ce wannan ai bai kama ƙafar Free Fire ba, ko a ce zanen kamar na ɗan firamare. Gaskiya ne bai kama ƙafarsa ba. Amma wancan kamfani ne ya yi shi da ma'aikata da kuɗi, wannan kuwa yara uku ne da kwamfutar aro cikin kwana biyu. Irin wannan magana ita ma, kamar yabon, ba ta nuna wa mai aiki inda zai sa hannu gobe.

Kashi na uku su ne kaɗan, kuma su ne suka biya ni zaman da na yi.

Wani ƙaramin yaro ɗan aji ɗaya ya ce shi bai ji tsoro ba, haushi ya ji, domin duhun ya yi yawa har bai san ko tafiya yake yi ko a tsaye yake ba. Ya ce in mutum bai ga komai ba, to me zai ji tsoro? Wani ɗan aji uku ya ce ihun da ake yi idan tsoho ya kama ka ya firgita shi a karon farko, a karo na biyu ya yi shiru, a karo na uku kuwa dariya ya ba shi. Waɗannan maganganu biyu kowace ta nuna wuri, ta nuna lokaci, ta faɗi abin da mai bugawa ya ji a ransa.

Malam da kansa ya ba mu mamaki. Wurin da duk muka yi tsit, wato inda dokin kara ya zo wucewa shi kaɗai, shi bai ji komai ba. Da aka tambaye shi, sai ya ce ai bai san ya kamata a ce akwai yaro a ciki ba, don a garinsu ba a yin tashe. A nan masu gem ɗin suka gane cewa tsoron nasu ya dogara ne a kan abin da mutum ya riga ya sani. Wanda bai taɓa ganin tashe na gaskiya ba, ba zai ga abin da ya karkace ba.

Malamin addinin Musulunci da ya leƙo, bai hana ba, amma ya ja hankali. Ya ce a cire inda aka rubuta cewa masu tashen aljanu ne, domin ba a wasa da abin da ba a da iliminsa, kuma kada a mayar da watan ibada watan firgici a zukatan ƙanana. Ya ƙara da cewa tashe tun asali darasi yake ɗauke da shi, to ina darasin wannan?

Amma maganar da ta fi zama a raina ta Baba maigadi ce. Sai da muka roƙe shi kafin ya yarda ya zauna, kuma bai taɓa madannai ba, wani ne ya buga masa yana kallo. Da aka gama sai ya ce, yarana, tsoho ba ya gudu. Ya ce tsohon da ke bin yaro a guje ai mahaukaci ne kawai, kowa ya san yadda zai yi da shi. Wanda zai tayar maka da tsigar jiki shi ne wanda ya tsaya cak a bakin hanya yana kallonka, duk lungun da ka sha ka same shi a gabanka. Sannan ya ce tashe ba ya yiwuwa sai da 'yan amshi. In kuna son garin ya zama baƙo, ku bar mai bayarwa ya yi ta bayarwa, kada kowa ya amsa masa. Baba bai san Scratch ba, amma ya yi tashe da ƙafarsa shekaru kafin a haife mu, ya san abin da in aka zare, wasan zai mutu a tsaye.

Ba duk shawara aka ɗauka ba. Da yawa sun nemi a ba yaron gora ko adda ya kare kansa. Masu gem ɗin suka ƙi, kuma ina ganin suna da gaskiya. Da zarar ka riƙe makami, ka daina zama yaron da ya ɓata, ka zama mafarauci. Malam ya ba mu misalin Amnesia: The Dark Descent, wanda wani kamfanin Suwidin, Frictional Games, ya fitar a 2010, inda ba a ba mai bugawa makami ko ɗaya ba, sai gudu da ɓuya. Sai dai sun saurari abin da ke ƙarƙashin buƙatar: mutane sun ji ba su da abin yi in an tare su. Don haka aka sa in ka kashe tocila ka tsaya, masu tashen za su wuce ka. Mai bugawa ya fi kowa sanin inda ya ji ciwo, amma ba lallai ne ya san maganin ba. Wannan aikin mai haɗawa ne.

Bayan mako guda suka dawo da sabon zubi. An ƙara minti ɗaya a farko na tashe na gaskiya, da fitilu da dariya da amshi. An rage duhu. An cire ihun. Tsoho ya daina gudu. Kalmar aljani ta fita, ba a maye gurbinta da komai ba, kuma rashin bayanin ya fi bayanin ban tsoro. A ƙarshen wasan, wanda ya ba da duk abin da ke kwanonsa shi ne ke samun ƙofar gida, mai ƙanƙamewa kuwa ya yi ta zagaye a kasuwa. Yaron nan ɗan aji ɗaya ya sake bugawa, da mai bayarwa ya rera babu mai amsawa, sai na ga ya janye ƙafafunsa ya naɗe su a kan benci.

Kada wani ya ɗauka wannan ƙaramin abu ne na yara. Wani Ba'amurke, Scott Cawthon, ya taɓa fitar da gem na yara mai suna Chipper & Sons Lumber Co., sai masu sharhi suka yi masa ca, suka ce halittun da ya zana sun yi kama da mutum-mutumin inji masu ban tsoro. Abin ya dame shi ƙwarai. Daga baya sai ya ɗauki wannan sukar ya gina sabon gem a kanta, na mai gadin dare a gidan cin abinci na yara inda mutum-mutumin ke yawo. Shi ne Five Nights at Freddy's na 2014, wanda har fim aka yi da shi a 2023. Da an ce masa ya yi kyau an wuce, da babu wannan labari.

Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mu a nan mun fi jin kunyar faɗa wa aboki gaskiya a kan aikinsa, muna ganin kara ce. Amma wanda ya kwana biyu yana aiki, ya cancanci a ba shi minti biyu na tunani. Kuma muna da abin ginawa a kai: tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi, da wasan gardawa da kurayensu, da hirarrakin masunta na dam ɗin Challawa, da hanyoyin gona tsakanin Ƙaraye da Rogo lokacin da dawa ta rufe mutum. Ba wanda zai zo daga waje ya haɗa mana waɗannan yadda muka san su, kuma mu ma ba za mu iya ba in ba mu koyi gyara wa juna ba.

Saboda haka ga roƙon ƙungiyarmu. Malam ya amince a ci gaba da buga Daren Tashe kowace Laraba da tara a ofishin malamai. A ƙasan wannan takarda mun rataya kwali da 'yan takardu. Duk wanda ya buga, ɗalibi ko malami, ya amsa mana tambaya huɗu: A ina ka tsaya ka rasa abin yi? A ina ka ji tsoro, kuma me ka gani ko ka ji a lokacin? A ina ka fara gajiya? Wane abu ɗaya ne ba ka so a taɓa? Ba sai ka sa suna ba. Wannan rubutun ma, in ka ga inda ya yi tsawo ko inda bai fito ba, jefa mana a kwalin.



Daga ɗan uwanku na aji biyu na babbar sakandare,
Ƙungiyar 'Yan Jarida.