Rariyar da ke cikin tumbin mota

 Mu a wanga yanki, tsofaffin motoci su ne jakunanmu. Su ke ɗaukar albasar Galmi, su ke kai mu kasuwar Badagishiri, su ke sauke mu mararrabar Tsarnawa. Peugeot 504 ta fito a Faransa tun 1968, daga baya anka riƙa haɗa ta a Kaduna, amma har gobe tana cin hanya tare da Hiace da Starlet. To, akwai wani ɗan ƙarfe a cikinsu da ba mu cika tunawa da shi ba sai ranar da inji ya buga.

A ƙarƙashin inji akwai tukunyar da baƙin mai ke kwanciya, wadda makanikai ke ce ma karter. Famfon mai yana zuƙo man ta wani bututu, ya tura shi ko'ina ƙarfe ke gogar ƙarfe. A bakin bututun nan anka sa ƴar rariya ta waya, wadda ta kusa taɓa gindin tukunyar. Aikinta guda ne: ta tare manyan tarkace, kamar ɓarɓashin ƙarfe da guntun gam, kada su shiga famfo su ci haƙoransa. Ƙananan datti kuwa filta ke kama su, bayan mai ya wuce famfo. Ke nan ko mun sa sabuwar filta, in rariya ta toshe, aikin banza ne, don man bai ma iso gare ta ba.

Mi ke toshe ta? Mun san halinmu. Lokacin juyen mai ya yi, mu ce bari sai an gama kakar albasa. Man ya tsufa, ya sha zafi da ƙurar hunturu, ya koma kamar kwalta. Wani lokaci mu sayi man kwalba a bakin hanya, ba mu san asalinsa ba. Wani yaron gareji ya lafta gam da yawa wajen rufe karter, abin da ya tsattsafo ciki ya ɓalle ya manne ga rariya. Ga kuma hanyoyin ƙauye: dutse ya daki karter ya lotsa, gindinsa ya matse bakin bututun.

Inji ba ya mutuwa bai yi kuka ba. Jar fitilar mai takan daɗe ba ta mutu ba in anka tada mota da safe, ko ta riƙa ƙyaftawa in an taka wuta, sannan a ji ƙas-ƙas daga saman inji. Direba ya zaro sandar awo ya ga mai cike, ya ce ai fitilar ce ke ƙarya, har wani ya cire ƙwanta. Alhali man yana nan, hanyar hawa ce babu. Kilomita kaɗan ƙarafa su ci juna, mota ta tsaya a daji, da buhunan albasa cikin rana, ko da mai naƙuda da za a kai asibiti.

Maganin ba shi da tsada. In fitilar nan ta kama, mu tsaya mu kashe inji nan take. A auna ƙarfin famfo, a kwance karter, a ciro rariya a wanke ta tas, a duba ko bututun ya tsage, don in yana shan iska mai ba zai hau daidai ba. Kuma mu yi hattara da zuba gazuwal cikin tsohon inji wai don wanki: dattin da ya ɓamɓaro, rariyar zai tarar.

Mu fasinjoji ma da namu. In direba ya tsaya don jar fitila, mu daina ce mishi "malam, mu dai lallaɓa mu isa Konni". Jinkirin awa guda ya fi kwana a daji, kuma motar nan ita ke ciyar da gidansa. Allah shi kiyaye hanya.