Manomin Bebeji a Birnin Jidda

Wani dattijo manomi na ƙasar Bebeji ya sayar da masararsa, ya tafi Umra. Da ya gama ibada sai ya roƙi jagoransu ya bar shi ya kwana biyu a Jidda. Dalili kuwa, tun yana yaro yake jin labarin ƙanen kakansa, wanda ya bi hanyar gabas a ƙafa, ta Barno da Sudan, bai komo ba. A wancan zamani mutum yakan yi shekaru a hanya, yana ƙwadago yana gaba. Masu hali ƙalilan ne ke shiga jirgin ruwa, kamar Alhasan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877. Shi kuwa dattijon nan, kamar sa'a biyar jirgin sama ya yi da shi daga Kano.

Jidda tana bakin Bahar Maliya, a ɓangaren duniya da ake kira Asiya. Halifa Usmanu ne ya mai da ita mashigar Makka ta teku a shekara ta 26 bayan Hijira. Tun daga nan alhazai ke sauka cikinta, waɗansu su wuce, waɗansu guzuri ya ƙare musu su zauna.

Jagoran ya kai shi tsohon gari, wanda suke kira Balad. An rushe ganuwarsa a 1947. Ya ga benaye masu hawa huɗu da biyar, an gina su da dutsen teku, tagoginsu na katako ne sassaƙaƙƙe, iska ta shiga, na waje bai ga na ciki ba. Ya ga Gidan Nasif, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka a 1925. A ƙofar gidan ga darbejiya tsaye, irin ta bakin kasuwar Kiru.

Da yunwa ta taso, ya so ya koma masauki ya jiƙa garin da ya ƙullo daga gida, don yana ƙyamar cimar baƙi. Jagoran ya hana shi. Aka kawo dafaffen wake da gurasa mai faɗi, sunanta tamis. Aka kawo shinkafa da nama da karas, wadda ake kira Buhari, da sunan ƙasar Buhara. Ga mutumin Yamal yana soya waina mai ninki, ga na Hindu, ga na Jawa, kowa da tukunyar garinsu. Jagoran ya ce, "Baba, kowane kwano ka gani nan, wani baƙo ne ya zo da shi."

Can da almuru sai ya ji ƙanshin da ya sani, watau nama da ƙuliƙuli bisa wuta. Larabawa na cewa siriya, amma tsire ne sak. Ya yi sallama da Hausa, mai tukubar ya amsa da Hausa mai gauraye da Larabci.

Dattijo ya ce, "Ɗana, mutumin ina ne kai?"

Ya ce, "Nan aka haife ni, Baba, nan aka haifi ubana. An dai ce kakanmu daga ƙasar Kano ya zo a ƙafa."

Dattijo ya faɗi sunan ƙanen kakansa, saurayin ya girgiza kai, bai taɓa jinsa ba. Ya naɗe masa tsire, ya rantse ba zai karɓi ko kwabo ba.

Dattijo bai sami wanda ya je nema ba. Amma da ya komo gida ya tara iyalinsa ya ce, daga yau kada wanda ya ƙara cewa mutumin nan ya ɓata. Ya ce ya ga inda irinsu suka zauna, suka hayayyafa, har mutanen gari suna cin abincinsu. Tun daga ranar nan kuwa, in baƙo ya sauka a zaurensa, sai ya ci ya ƙoshi kafin a tambaye shi garinsu.