Yadda Kawu Ya Cinye Mana Garuruwa Tsakanin Jabo da Gindin Dutse

Ana idar da sallar asuba muka bar Jabo, mu biyar a mota ɗaya, za mu ɗaurin aure Funtuwa. Kawu yana gaba kusa da direba, ya lulluɓe gwiwoyinsa da bargo saboda hunturu. Ni da Inna, ƙanwarsa, da ɗan yayata mai karatun tarihi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo muna baya, kwanon dambu yana ɗumama mana ƙafafu. Akwai hanyar da ke bi ta Gummi da Anka, amma direba ya ce ko an ninka masa kuɗi ba zai bi ta a wannan zamani ba, gara a zagaya ta Sakkwato. Babu wanda ya ja da shi.

Gari bai gama wayewa ba Kawu ya ɓare goro, ya yi gyaran murya, ya ce, "Ƙulin ƙulifita."

"Gauta," in ji Inna. "Yaya, kai dai ba ka girma."

Ya ce ai wannan buɗe baki ne kawai, nashi kacici-kacicin gari ne, kuma zai ba da alama uku. Doka ita ce ta dandali, wadda kowane ɗan Hausa ya tashi da ita: wanda ya kasa sai ya ba da gari, mai tambaya ya cinye, ko ya raina ya ce a canza masa. Bambancin kawai shi ne Kawu ya ce ba zai faɗi amsa ba sai mun ga wurin da idonmu.

"Ga ta hwarko. Gari na ƙarami, dutsi ya goya shi. Kakanni na bisa, jikoki na ƙasa."

Ɗan yayata bai ko numfasa ba ya ce Dala. Ya kawo Barbushe, ya kawo Tsumburbura, har ya fara jero sarakunan Kano. Kawu ya bar shi ya ƙare, sannan ya waiwayo. "Ɗana, Kano ta ƙaramin gari? Ba ni gari." Daidai lokacin muna shiga Shagari, sai yaron ya ce ya ba shi ita. Kawu ya karɓa da murna, ya ce garin da ya haifi shugaban ƙasa na 1979 zuwa 1983, kuma ya karɓi gawarsa a 2018, ba abin rainawa ba ne.

Ni na ce Surame. Na dogara da ganuwar duwatsun da Muhammadu Kanta ya gina a ƙarni na 16, wadda har yau kufanta ke nan a yankin Binji. Kawu ya ce na yi kusa da dutse amma na yi nesa da mutane, don Surame kufai ce, shi kuwa garinsa ana daka ana sha. Na ba shi Bodinga. Da muka zo Sifawa, inda Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, Inna ta ce ita ba ta ba da wannan garin ko ta kasa sau goma. Aka yi dariya, aka yi wa Shehu addu'a, aka wuce.

A Sakkwato muka sha mai, muka ɗauki hanyar Gusau, tafiyar da ta ɗara kilomita 200. Dange, Tureta, shingen jami'an tsaro bayan shinge. Daga Tureta hira ta fara mutuwa, kowa ido na kan daji, Inna tana jan carbi. Ina jin Kawu ya lura, don a nan ya sako alama ta biyu.

"Mutanen garin nan, da can, shekara-shekara samarinsu ka hawa dutsi su kamo tsuntsu da rai, su kawo ma sarki."

Wannan ta ɗaure mana kai. Ɗan yayata ya tsallaka Nijar, ya ce Lugu ta ƙasar Arewa, kusa da Dogon Dutsi, inda Sarauniya ta tari sojojin Faransa a 1899. Kawu ya yaba masa, ya ce amma bai taɓa jin an kamo wa Sarauniya tsuntsu ba. Yaron ya koma Sukur ta Adamawa, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, mai hanyoyin da aka shimfiɗe da duwatsu har fadar Hidi. Kawu ya ce shi bai taɓa zuwa can ba, kuma ba ya tambaya a kan garin da ƙafarsa ba ta taka ba. Direba, wanda tun safe bai ce uffan ba, ya ce Zuru. Haka Tambuwal ta tafi, Kebbe ta bi ta, Dogon Daji ma Kawu ya haɗiye.

Abin ya ɗan ba ni kunya. Ga mai karatun jami'a ya san dutsen da ke bakin iyakar Kamaru har da shekarar da aka karrama shi, ga ni da nake taƙama da karance-karance, amma tsohon da iyakarsa allo ya tsare mu da garin da ke kan hanyarmu. Kawu ya san ƙasar nan ne da tafin ƙafa. Yana saurayi ya yi cin rani a Gusau, lokacin da jirgin ƙasa ke kwasar gyaɗa da auduga daga Ƙauran Namoda zuwa Zariya, daga baya ya yi fataucin dabbobi kasuwa-kasuwa, yana kwana inda dare ya riske shi. Yaran yanzu an rufe musu wannan makarantar. Wa zai bar ɗansa ya kwana a ƙauyen da bai sani ba a tsakanin Mafara da Maru?

A Talatar Mafara muka tsaya, Inna ta sayi shinkafa 'yar gida, irin wadda ruwan madatsar Bakolori ke shayarwa. Muka ci dambunmu a tsaye, muka koma mota.

Alama ta uku ta zo bayan Maru. "Sarkinsu ya shekara sittin da ɗaya bisa gado."

Nan lissafi ya tashi. Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya hau a 1938 ya rasu a 1988, shekara 50 ke nan. Ado Bayero na Kano daga 1963 zuwa 2014, ya ɗara shi kaɗan. Wane ne ya wuce su da goma? Na san na taɓa jin labarin rasuwar a rediyo, sunan yana kan harshena amma ya ƙi fita. Kawu ya miƙo hannu baya ba tare da ya waiwayo ba. Garuruwan kusa sun ƙare. Na ce, "Kawu, na ba ka Jabo."

"Duk da gonar ubanka?"

"Duk da ita."

Muka ratsa Bunguɗu, muka ratsa Gusau, muka kama hanyar Tsafe. Ba mu yi nisa ba sai ga shi ya taso a gabanmu, baƙin dutse mulmulalle, kafaɗa bisa kafaɗa, gidaje sun lafe a gindinsa kamar 'yan tsaki a ƙarƙashin kaza. Inna ce ta riga kowa. Ta tafa hannu ta ce, "Kwatarkwashi! Yaya, amma ka iya mugunta."

Kwatarkwashi tana cikin Ƙaramar Hukumar Bunguɗu ta Jihar Zamfara, kuma masarauta ce mai sarkinta. A tsofaffin takardun Turawa Kotorkoshi ake rubuta ta. Ta girmi Gusau nesa ba kusa ba, don Gusau sai bayan jihadi Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa ta. Dutsen ne ya riƙe mutanen farko, ya zama musu ganuwa a zamanin yaƙe-yaƙe da farautar bayi, sai da ƙasa ta lafa aka baje a fili. Kafin Musulunci ya game gari, sunanta ya yi nisa a ƙasar Hausa saboda tsafin Magiro. Sarkin da Kawu ke nufi shi ne Alhaji Ahmad Umar, wanda ya hau a 1961 ya rasu a watan Yunin 2022.

Tsuntsun kuwa maiki ne, wasu su ce mikiya, babban ɗan uwan ungulu mai sheƙa a goshin dutse inda ƙafar mutum ba ta kai wa sai da sayar da rai. Masana tsuntsaye sun daɗe da sanin wannan dutsen a matsayin wurin da yake ƙyanƙyasa a da. Irinsa ne ya yi karo da jirgin sama a sararin Abijan a 1973, a tsayin da ya kai mita 11,300, abin da ya sa ake lissafa shi cikin tsuntsayen da suka fi kowa tashi sama. Tun 2015 yana cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa saboda guba, masu sayen kai da ƙafafunsa don magani, da ƙarancin mushe a daji. Bikin kamun maiki an daɗe da barinsa.

Muka tsaya a bakin hanya minti goma. Kawu ya fito da sandarsa, ya kare ido da tafin hannu, ya daɗe yana duban ƙwanƙolin dutsen. Wata yarinya ta kawo tallan gyaɗa, Inna ta saya ta naira ɗari biyu. Ni ma na ɗaga kai na duba iya ganina, shirwa biyu kawai na gani suna shawagi. Na so mu hau ko rabi ne, direba ya nuna mini agogo, ya ce yana son ya wuce Tsafe rana na sama.

Da muka koma mota ɗan yayata ya fiddo littafinsa, ya rubuta sunan garin, ya tambayi Kawu wace shekara ya fara zuwa. Kawu ya ce shekarar da aka yi fara, ya je ya nemo ta a jami'a.

Mun isa Funtuwa kafin la'asar. Tunda Inna ce ta canka, Kawu ya ba ta Tambuwal da Kebbe. Jabo kuwa ya ce sai na kawo masa kacici-kacicin da zai kasa, kuma har yau tana hannunsa.