Kofuna Bakwai da Tuluna Biyu

Mu da muka tashi da sanin cewa gaibu sai Allah, da zarar an ambaci kartar tarot sai mu ja da baya, mu ce kayan 'yan duba ce. Da dalilinmu, don da yawa a Turai da Amurka abin da suke yi da ita ke nan. Amma lokacin da aka fara zana ta a arewacin Italiya wajen 1440, a fadojin Milan da Ferrara, wasa kawai ake yi da ita. Sai a 1781 wani malamin Faransa, Antoine Court de Gébelin, ya ce wai sirrin tsohuwar Masar ne a cikinta, masu duba kuwa suka yi caraf suka karɓe. Mu hotunan muka zo kallo, ba neman labarin gobe ba.

Kati 78 ne. Zanen da ya fi shahara shi ne wanda Pamela Colman Smith ta yi bisa tsarin Arthur Edward Waite, aka buga a Landan a 1909. Biyu daga ciki sun tsaya mana a rai, domin sun raba abubuwa biyu da baki kan haɗa: buri da fata.

Na farko shi ne Kofuna Bakwai. Mutum ne tsaye ya ba mu baya, baƙi ƙirin kamar inuwa, yana kallon kofuna bakwai a kan gajimare. Wani da katafaren gida, wani cike da duwatsu masu daraja, wani da kambin nasara, wani da maciji, wani da abin da aka lulluɓe da mayafi. Ko ɗaya bai taɓa ƙasa ba, shi kuma bai ɗauki ko ɗaya ba. Mun san mutumin nan. Shi ne mai littafin da shekara goma ana jin labarinsa ba a ga shafin farko ba. Shi ne mai lissafin ribar kasuwancin da bai fara ba. Dogon buri ya cinye shi har fuska ba a bar masa ba.

Na biyu shi ne Tauraruwa, kati mai lamba 17, wanda ake ɗauka alamar fata. Mace ce a durƙushe bakin tafki, gwiwa ɗaya a kan ƙasa, ƙafa ɗaya a kan ruwa. Tuluna biyu ne a hannuwanta: ɗaya tana juye shi cikin tafkin, ɗaya a kan ƙasa, ruwan ya rabu gida biyar yana gangarawa. A samanta akwai babbar tauraruwa guda da ƙanana bakwai, ga tsuntsu a kan bishiya can nesa. Abin mamaki, ba ta kallon tauraruwar. Kanta a sunkuye yake, idonta na kan aikinta.

Sai mu duba abin da ya gabace ta. Kati na 16 Hasumiya ce da tsawa ta faɗa wa, wuta na fita ta tagogi, mutum biyu suna faɗowa ta ka. Daga wannan sai Tauraruwa. Matar ko sutura ba ta da ita. Abin da ya rage mata tulunan nan ne, su ma ba ta rowar abin da ke ciki. Wanda gobara ta taɓa cinye wa shago, ko wadda ta fito daga gidan da ta yi shekara ashirin a ciki, ba sai an fassara musu hoton ba. Sun san safiyar da mutum ke tashi ya share ƙofar gida alhali bai san ta inda zai fara ba.

Ita kanta Pamela ladan da ta samu a wannan aiki kaɗan ne. Shekaru da dama ana kiran kartar da sunan Waite da na kamfanin da ya buga, ban da nata. Ta rasu a 1951 a Cornwall da ke Ingila, da bashi a kanta, har aka yi gwanjon kayanta don a biya. Ba ta ga yadda zanenta ya karaɗe duniya ba. Yau ana ta mayar da sunanta a kan kwalin, shekaru da yawa bayan ta ajiye tulunta.